Hutun ɗaliban Turai da Amurka a ƙasashe matalauta: agaji ne ko yawon buɗe ido?

A kowace shekara, da zarar makarantun Amurka da na Turai sun tafi dogon hutu a watan Yuni, filayen jiragen saman biranen Accra da Nairobi da Katmandu da Lima kan fara karɓar wasu baƙi masu saukin ganewa. Matasa ne 'yan shekara 15 zuwa 22, ayari-ayari, sanye da riguna iri ɗaya, kowa da jakar goyo a bayansa.

Akasarinsu za su yi mako biyu ne ko uku. A cikin wannan ɗan lokaci za su shafa wa wata makarantar firamare fenti, ko su ɗauki bulo a inda ake gina ɗakin shan magani, ko su koyar da Turanci, ko kuma su yi wasa da yara a gidan marayu. Wasu kan sauka a gidajen jama'a, su ci abin da masu gida ke ci. A ƙarshen tafiyar kuma, galibi akan kai su gandun namun daji ko bakin teku su huta.

Iyayensu ne ke biyan kuɗin, kuma ba kuɗi ne kaɗan ba. A Amurka tafiya irin wannan takan kai dala dubu biyar ko fiye. Wani bincike da kamfanin Tourism Research and Marketing ya wallafa a shekarar 2008 ya ƙiyasta cewa mutane kimanin miliyan 1 da dubu 600 ne ke yin tafiyar aikin sa kai zuwa ƙasashen waje a duk shekara, suna kashe abin da ya kusa dala biliyan biyu.

Masu shirya tafiye-tafiyen na cewa riba biyu ake ci: talaka ya samu taimako, ɗalibi kuma idonsa ya buɗe. To sai dai abubuwan da suka fito fili cikin shekaru ashirin da suka wuce sun nuna cewa riba ta biyun ce ta fi tabbata. Ta farkon kuwa, a wurare da dama, ta rikiɗe ta zama asara, kuma ba baƙin ne ke ɗaukar asarar ba.

Asalin al'adar

Ba jiya aka fara ba. A shekarar 1932 wani Ba'amurke mai suna Donald Watt ya kafa ƙungiyar Experiment in International Living, wadda ke kai matasan Amurka Turai su zauna a gidajen iyalai. Babu batun agaji a cikin shirin nasa. Manufarsa ita ce matasa su san yadda wasu al'ummomi ke rayuwa.

Haɗa tafiya da aikin taimako ya kankama ne a ƙarshen shekarun 1950, daidai lokacin da ƙasashen Afirka ke shirin karɓar mulkin kai. A 1958 wani malamin majami'a baƙar fata daga unguwar Harlem ta birnin New York, James Robinson, ya kafa Operation Crossroads Africa, ya fara kawo ɗaliban Amurka Afirka ta Yamma a lokacin hutu domin su yi aikin gini kafaɗa da kafaɗa da ɗaliban ƙasashen. A wannan shekarar ce kuma Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a Birtaniya.

Sai kuma a watan Maris na 1961 Shugaba John Kennedy ya kafa hukumar Peace Corps, wadda daga baya shi da kansa ya ce shirin Robinson ne ya share mata fage. Ayarin farko na matasan hukumar ya sauka a Ghana a ƙarshen watan Agustan shekarar. Ba boyayyen abu ba ne cewa akwai lissafin yaƙin cacar baka a ciki, domin Amurka na neman farin jini a sababbin ƙasashen da Tarayyar Sobiyet ita ma ke zawarci.

Ko wata biyu ba a yi ba, shirin ya gamu da cikas ɗinsa na farko, a Najeriya. A watan Oktoban 1961 wata matashiya daga cikin masu aikin sa kan da ke samun horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, Margery Michelmore, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka katin gaisuwa, irin wanda ake aikawa ta gidan waya ba tare da ambulan ba. A ciki ta bayyana kaɗuwarta da abin da ta kira ƙazanta da rayuwar mutanen da ba su ci gaba ba. Katin bai kai Amurka ba. Ya faɗa hannun ɗaliban kwalejin, suka buga shi suka rarraba, aka yi zanga-zanga, aka zargi baƙin da leƙen asiri. Dole ta bar ƙasar.

Abin da ya fusata ɗaliban Ibadan a wancan lokaci shi ne yadda baƙon da aka karɓa hannu bibbiyu ke ba da labarin masu masaukinsa idan ya juya baya. Wannan ƙorafi bai gushe ba har yau. Bambancin kawai shi ne katin gaisuwa ya koma hoto a Instagram da Facebook, inda dubban mutane ke gani a lokaci guda.

Daga shekara biyu zuwa mako biyu

Akwai muhimmin bambanci tsakanin waɗancan shirye-shirye na farko da abin da ake gani yanzu. Ɗan Peace Corps shekara biyu yake yi, bayan an ba shi horo na watanni a kan harshe da al'adun inda za shi. Ba ya biyan ko sisi, hasali ma shi ake ba ɗan alawus.

Daga shekarun 1990 ne harkar ta koma kasuwanci sosai. Kuɗin jirgi ya yi sauƙi, intanet ta zo, kamfanoni masu zaman kansu suka gano cewa akwai iyaye masu hali da za su biya a kai 'ya'yansu su ga talauci, muddin za a dawo da su lafiya. A Birtaniya al'adar ɗaukar hutun shekara guda kafin shiga jami'a ta ƙara samun tagomashi bayan Yarima William ya yi makonni goma yana aikin sa kai a ƙasar Chile a shekarar 2000, ƙaninsa Harry kuma ya je Lesotho a 2004. A Amurka majami'u sun daɗe suna tura matasansu gajerun tafiye-tafiyen mishan, musamman zuwa Amurka ta Tsakiya da Haiti.

Da zarar mai tafiyar ya zama shi ne mai biya, to shi ne abokin ciniki, kuma jin daɗinsa ake dubawa. Ana tsara aikin ne daidai da tsawon hutunsa, da abin da zai iya yi ba tare da horo ba, da abin da zai yi kyau a hoto. Shi ya sa fentin bango da riƙon jarirai suka fi yawa, alhali ƙauyen na iya kasancewa ya fi buƙatar albashin malami ɗaya na shekara, ko gyaran famfon da ya lalace.

Akwai kuma wani dalilin da iyaye ba su cika faɗa a fili ba. Shiga manyan jami'o'in Amurka gasa ce mai zafi, kuma ana buƙatar mai neman gurbi ya rubuta ɗan bayani a kan wani abu da ya sauya rayuwarsa. Labarin zuwa Afirka ko Haiti ya zama ruwan dare a irin waɗannan rubuce-rubuce. A watan Janairun 2016 sashen nazarin ilimi na Jami'ar Harvard ya fitar da wani rahoto wanda jami'an ɗaukar ɗalibai na jami'o'i da dama suka amince da shi. Rahoton ya ba da shawarar a fi ba da muhimmanci ga hidimar da ɗalibi ya daɗe yana yi, ko da kula da ƙannensa ne ko taimaka wa iyayensa da neman abin sawa a baka, a kan tafiye-tafiye masu tsada zuwa wurare masu nisa.

Ginin da ake rushewa da dare

Labarin da ya fi yaɗuwa a kan ingancin aikin da ɗaliban ke yi ya fito ne daga bakin ɗaya daga cikinsu. A shekarar 2014 wata Ba'amurkiya, Pippa Biddle, ta rubuta yadda makarantarsu ta sakandare ta kai su Tanzaniya domin gina ɗakin karatu a wani gidan marayu, kowace ɗaliba ta biya dala dubu uku. Su wuni suna jera bulo. Da dare kuma, in ji ta, magina 'yan ƙasar su zo su warware abin da aka jera saboda ba shi da ƙwari, su sake ginawa kafin gari ya waye, don kada baƙin su gane.

Ma'ana, birkilolin da aka zo taimaka wa garinsu sun yi aiki biyu a maimakon ɗaya, kuma ɗaya daga cikin ayyukan shi ne kare mutuncin baƙi.

Wannan shaidar mutum ɗaya ce. Amma akwai binciken da ya auna lamarin da alƙaluma. Bayan mahaukaciyar guguwar Mitch ta yi ɓarna a Honduras a 1998, ayarin masu aikin sa kai daga Amurka da Kanada sun yi ta zuwa gina gidaje. Wani masanin zamantakewa da ke zaune a ƙasar, Kurt Ver Beek, ya bi sawun aikin, ya wallafa sakamakon a 2006. Ya gano cewa ayari guda kan kashe kimanin dala dubu 30, akasari a kan jirgi da masauki, wajen gina gidan da ƙungiyar 'yan ƙasa ke ginawa da dala dubu biyu. Bai kuma ga wani bambanci na a zo a gani ba tsakanin iyalan da baƙi suka gina wa gida da waɗanda 'yan ƙasa suka gina wa.

Masu kare tafiye-tafiyen kan ce lissafin bai cika ba, domin wanda ya je ya gani da idonsa zai riƙa ba da sadaka har ƙarshen rayuwarsa. Ver Beek ya duba wannan ma. Mahalarta da yawa sun ce tafiyar ta sauya su, amma da aka duba abin da suke bayarwa bayan sun koma gida, ƙarin da aka samu bai taka kara ya karya ba.

Wani abin da ba a cika sanyawa cikin lissafi ba shi ne cewa ƙasashen da ake zuwa ba su da ƙarancin masu ɗaukar bulo. Abin da ya yi musu yawa ke nan: matasa majiya ƙarfi marasa aikin yi. Duk bangon da baƙo ya shafa wa fenti kyauta, kuɗin yinin wani lebura ne ko mai fenti ya tafi.

Gidajen marayu

Asarar kuɗi abu ne mai sauƙi idan aka kwatanta da abin da ya faru a gidajen marayu, inda harkar ta fi yin ɓarna.

A Kambodiya, wani rahoto da asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya taimaka aka fitar a 2011 ya nuna cewa yawan gidajen marayu ya tashi daga 154 a shekarar 2005 zuwa 269 a 2010. Wannan ƙari ya zo ne a lokacin da ƙasar ke zaune lafiya, ba yaƙi, amma baƙi masu yawon buɗe ido na ƙaruwa. Kusan uku cikin kowane yara huɗu da ke gidajen suna da uwa ko uba a raye.

A Ghana, ɗaya daga cikin ƙasashen Afirka da ɗaliban suka fi zuwa saboda zaman lafiya da harshen Turanci, wani bincike na sashen kula da jin daɗin jama'a a 2009 ya gano cewa gidajen marayu 140 daga cikin 148 ba su da lasisi, kuma mafi yawan yaran da ke ciki suna da iyaye. A Nepal, akasarin gidajen suna cikin gundumomin da 'yan yawon buɗe ido suka fi ziyarta, kuma an sha kama dillalan da ke karɓo yara daga ƙauyukan kan duwatsu da alƙawarin sa su a makaranta, sannan a yi musu takardun bogi na cewa iyayensu sun mutu.

A nan akwai buƙatar ƙarin bayani, domin a fahimtar Musulunci yaron da mahaifinsa ya rasu maraya ne ko da mahaifiyarsa na raye, kuma kula da shi ibada ce babba. Masu binciken ba cewa suke yi yaran ba mabuƙata ba ne. Abin da suke nunawa shi ne talauci ne ya raba yaran da gida, ba mutuwa ba, kuma da kuɗin da ake kashewa a gidan marayun an ba uwar ko kakar ko kawun, da yaron ya tashi a cikin danginsa, kamar yadda al'adar riƙo ta tanada a yawancin al'ummomin Afirka da Asiya.

Yadda kasuwar ke aiki a bayyane yake. Baƙi na son su ga marayu, kuma za su biya. Mai gidan marayu na buƙatar yara domin baƙi su zo. Idan yaran suka yi ƙiba, ginin ya yi kyau, tausayi zai ragu, gudummawa ta ragu. Don haka a wasu wuraren da gangan ake barin yaran cikin tsumma, ana sa su rawa da waƙa ga baƙi.

Ko a gidan da ake riƙe da amana, masana halayyar yara na ganin akwai illa. Wani dogon bincike da aka fara a birnin Bukares na Romaniya a shekarar 2000 ya nuna cewa yaran da suka tashi a gidajen reno na gwamnati suna baya a girman jiki da kaifin ƙwaƙwalwa da iya shaƙuwa da mutane, idan aka kwatanta da waɗanda aka ba iyalai riƙo tun suna ƙanana. A 2010 kuma wasu masu bincike biyu, Linda Richter da Amy Norman, suka yi gargaɗi a kan abin da suka kira yawon buɗe ido a kan marayun cutar ƙanjamau a kudancin Afirka. Ƙaramin yaro na buƙatar mutum ɗaya tsayayye da zai shaƙu da shi. Idan duk bayan mako biyu wata sabuwar fuska za ta rungume shi, ta yi kuka ta tafi, to ana maimaita masa rabuwa ne. Yaron da ke rugowa ya ɗafe duk baƙon da ya shigo, abin da ɗaliban ke ɗauka alamar ƙauna ce, a wurin masana alama ce ta rauni.

Ƙofar da aka buɗe wa mai kyakkyawar niyya kuma, mugu ma ta nan yake shiga. A 2016 wata kotu a London ta yanke wa wani ɗan Birtaniya, Richard Huckle, hukuncin ɗaurin rai da rai har sau 22 saboda lalata da ƙananan yara masu yawa a Malesiya, inda ya shiga cikin al'ummomi matalauta da sunan malamin Turanci mai aikin sa kai.

Asibiti ba wurin gwaji ba ne

Fanni na biyu mai haɗari shi ne kiwon lafiya. Ɗaliban da ke fatan shiga makarantar koyon aikin likita kan biya a kai su asibitocin ƙasashe matalauta domin su samu abin rubutawa a takardunsu. Wata masaniya ta Jami'ar Northwestern, Noelle Sullivan, wadda ta shafe shekaru tana nazari a asibitocin arewacin Tanzaniya, ta ba da labarin yadda matasan da ba su da horo ke karɓar haihuwa da yin wasu ayyukan da a ƙasashensu ko kusa ba za a bar su su taɓa ba. Mara lafiya kuwa, ganin Bature da farar riga, sai ya ɗauka likita ne. Tun a 2011 ƙungiyar kwalejojin koyon aikin likita ta Amurka ta fitar da ƙa'idoji tana gargaɗin ɗalibai cewa yin abin da ya wuce horonsu na iya jawo a ƙi ɗaukarsu.

Shari'ar da ta fi tayar da ƙura ita ce ta Renee Bach, 'yar jihar Virginia, wadda ta fara zuwa Uganda a 2007 tana budurwa 'yar ƙasa da shekara 20 a wata tafiyar mishan. Ta koma ta kafa cibiyar kula da yara masu fama da tamowa a garin Jinja, ba tare da ta yi karatun likita ko na jinya ba. Daga 2010 zuwa 2015 cibiyar ta karɓi yara 940, kuma 105 daga cikinsu sun mutu. Hukumomi suka rufe cibiyar a 2015. Wasu iyaye mata biyu sun kai ƙara a 2019, aka sasanta a 2020 inda aka biya kowaccensu kimanin dala 9,500 ba tare da amsa laifi ba. Ita dai ta musanta cewa ta taɓa gabatar da kanta a matsayin likita, kuma magoya bayanta na cewa yaran sun zo ne rai a hannun Allah. Tambayar da 'yan Uganda da dama suka yi ita ce ko za a bar wata 'yar Uganda mai takardar sakandare ta buɗe irin wannan cibiya a Virginia.

Sukar ta fara tasiri

Sukar ba sabuwa ba ce. A watan Afrilun 1968 Ivan Illich, wani malamin Katolika kuma masani da ke zaune a Meksiko, ya tsaya gaban ɗaliban Amurka da ke shirin tafiya aikin hutu a ƙauyukan ƙasar, ya ce musu su fasa. Ya ce su zo su yi kallo, su hau duwatsu, su yi karatu, amma kada su zo da sunan taimako, tunda ko harshen mutanen da za su taimaka wa ba su ji.

Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne su wa ke magana. A 2012 marubuci Teju Cole, ɗan asalin Najeriya, ya yi wani rubutu da ya yaɗu ƙwarai, inda ya ce akwai wata masana'anta ta fararen fata masu ɗaukar kansu maceta, wadda ba adalci ne ya dame ta ba, jin daɗin zuciyar mai bayarwa ne. A shekarar ce kuma wata ƙungiyar ɗaliban Norway ta fitar da bidiyon barkwanci da ke nuna 'yan Afirka na tara na'urorin ɗumama ɗaki domin ceto mutanen Norway daga sanyi.

Sannu a hankali hukumomi suka bi baya. A 2017 manyan kamfanoni biyu masu shirya irin waɗannan tafiye-tafiye, World Challenge da Projects Abroad, suka sanar da daina kai matasa gidajen marayu. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'i na bautar zamani. A watan Disamban 2019 babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri kan haƙƙin yara wanda ya buƙaci ƙasashe su magance illolin aikin sa kai a gidajen marayu, har da wanda ake yi ta hanyar yawon buɗe ido.

Sai annobar korona ta zo ta tsayar da komai. A watan Maris na 2020 Peace Corps ta kwashe dukkan ma'aikatanta na sa kai, kimanin dubu bakwai, daga ƙasashen duniya, abin da ba ta taɓa yi ba. Shirin gwamnatin Birtaniya na International Citizen Service, wanda tun 2011 yake haɗa matasan Birtaniya da takwarorinsu 'yan ƙasa su yi aiki tare na wata uku, ya tsaya bai kuma dawo ba. Kamfanoni masu zaman kansu kuwa sun farfaɗo bayan an buɗe iyakoki, da yawansu da sabon salon talla: an rage kalmar taimako, an ƙara kalmomin koyo da sanin al'adu.

Abin da tafiya ke iya haifarwa

Ko masu suka mafi zafi ba su ce matasa su zauna a gida ba. Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, kuma fannin nazarin harshen Hausa kansa shaida ne. Paul Newman, wanda ya wallafa babban littafin nahawun Hausa a shekarar 2000, kuma ya taɓa shugabantar cibiyar nazarin harsunan Najeriya a Kano, ya fara zuwa Najeriya ne a ayarin farko na Peace Corps a 1961, ya koyar a Maiduguri. Marigayi Russell Schuh, wani jigon nazarin Hausa da harsunan Chadi, ya fara ne da aikin yaƙi da jahilci a Nijar ƙarƙashin hukumar a tsakiyar shekarun 1960. Dukansu biyu shekaru suka yi ba makonni ba, kuma sun zauna sun koyi harshe a bakin masu shi.

Binciken da Judith Lasker ta wallafa a 2016 kan masu aikin sa kai a fannin lafiya ya nuna cewa ma'aikatan ƙasashen da ake zuwa ba ƙin baƙi suke yi ba. Sun fi son wanda zai daɗe, ya zo da ƙwarewar da ake buƙata, ya kuma saurari na gida. Iyalan da ke saukar da ɗalibai, da direbobi da masu dafa abinci da masu tafinta, su ma suna samun kuɗin shiga na halal, kuma wannan ciniki ne da babu abin kunya a cikinsa idan an kira shi da sunansa.

A yankin Sahel dai matsalar tsaro ta riga ta yanke hukunci. Bayan sace wasu Faransawa biyu a wani gidan cin abinci a Yamai a watan Janairun 2011, waɗanda daga bisani aka kashe, Peace Corps ta dakatar da aikinta a Nijar, inda take tun 1962. Jami'ar Boston ita ma ta rufe shirinta na Yamai, wanda ɗalibanta ke koyon Hausa da Zabarmanci a cikinsa. Kisan ma'aikatan agaji Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a yankin Kure a watan Agustan 2020 ya ƙara nesanta irin waɗannan baƙi daga yankin.

Hanya mai zuwa ba dawowa

Kalmar da kamfanonin suka fi so yanzu ita ce musayar al'adu. Amma musaya na nufin kowa ya je gidan kowa.

An yi ƙoƙarin hakan a wasu wurare. Bayan harin 11 ga Satumban 2001, majalisar dokokin Amurka ta kafa shirin YES a 2002, wanda ya riƙa kai ɗaliban sakandare daga ƙasashe masu yawan Musulmi, ciki har da na arewacin Najeriya, su yi shekarar karatu guda a gidajen iyalan Amurka. Jamus, wadda ta fara tura matasanta ƙasashe masu tasowa a shirin weltwärts a 2008, ta buɗe ɓangare na biyu a 2013 domin matasan Afirka da Asiya da Latin Amurka su ma su je Jamus aikin sa kai. Sai dai waɗannan guraben kaɗan ne, kuma sun dogara da kasafin kuɗin gwamnatocin da ke iya sauya ra'ayi.

Ga ɗalibin da zai biya wa kansa, bambancin ya fi fitowa. Matashin Jamus ko Amurka mai son zuwa Ghana ko Kenya, samun izinin shiga abu ne na 'yan kwanaki. Takwaransa na Kano ko Kumasi sai ya nuna takardun banki, da shaidar cewa zai dawo, ya biya kuɗin da ba a mayarwa ko an hana shi. Kuɗin neman bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen ya koma yuro 90 a watan Yunin 2024, kuma a shekarar an ƙi amincewa da sama da kashi 40 cikin ɗari na takardun da aka shigar daga Najeriya.

A watan Yunin 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga Amurka, ciki har da Chadi da Sudan. Wata guda bayan haka ta mayar da akasarin bizar da take ba 'yan Najeriya masu ziyara ta shiga sau ɗaya, mai aiki na wata uku kacal. Duka matakan biyu sun zo ne a tsakiyar lokacin da ayarin ɗaliban Amurka ke sauka a filayen jiragen saman Afirka domin hutun shekarar.